Kalmar "grave": me ya haɗa kabari da tsananin al'amari?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo. Tun muna makaranta abin da na sani shi ne 'grave' na nufin kabari. Sai ga shi kullum ina cin karo da 'grave concern' da 'grave danger' a labaran da ake aiko mana. Abokin aikina ya ce ai duk abu ɗaya ne, wai lamarin ne ya yi tsananin da zai iya kai mutum kabari. Wata ƙawata kuma da ta yi karatu a Maraɗi ta ce su a can 'grave' wata alama ce da ake ɗora wa harafi. Don Allah, Malam, kalma ɗaya ce mai ma'anoni da yawa ko yaya abin yake? Kuma daga ina ta samo asali?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa, Allah ya yi wa aikin albarka. Idan na fahimce ki, abu biyu kike son sani: ko ta kabari da ta tsanani da ta saman harafi duk kalma ɗaya ce da ta yi rassa, sannan daga ina kowacce ta fito. Ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi ne daban-daban, aƙalla huɗu, kowacce da gidan da ta fito, rubutu ne kawai ya haɗa su. Takwarori ne, ba 'yan'uwa ba, kin kuwa san Audu biyu suna iya zama a unguwa ɗaya ba tare da sun haɗa ko kakan kaka ba. Bayanin abokin aikinki yana da daɗin ji, kuma ba shi kaɗai ke wannan zato ba, Turawan Ingila da yawa haka suka ɗauka. Sai dai tarihin harshen bai goyi bayansa ba. Ƙawarki kuwa gaskiya ta faɗa, kuma alamar da ta ambata tana yi wa Hausa aiki fiye da yadda kike zato.

Akwai abu biyu da ake yawan cakuɗawa, gara mu raba su tun daga nan. Akwai kalma ɗaya da ma'anarta ta yaɗu, kamar "ci" a Hausa: an ci tuwo, an ci jarrabawa, an ci kasuwa, an ci amana. Duk tushensu ɗaya, mai lura zai ga yadda wannan ta haifi waccan. Akwai kuma kalmomin da babu abin da ya haɗa su sai kamannin rubutu. "Kwana" na barci tamu ce tun fil'azal, "kwana" da mota ke sha kuwa aro ce daga Turanci. Haka "taya" ta taya aiki da "taya" ta mota. Ba wanda zai ce an sa wa tayar mota wannan suna ne don tana taya direba tafiya, ko da bayanin zai shiga kunne. Irin wannan ne ya faru da "grave". Shi ya sa in kika buɗe babban ƙamus na Turanci za ki tarar ba a tara ma'anonin a wuri ɗaya ba. An rubuta kalmar sau uku ko huɗu, kowacce da 'yar lamba a kafaɗarta, 1, 2, 3. Wannan lambar sanarwa ce daga masu ƙamus cewa tushen ya bambanta.

Ramin da aka haƙa

Ta kabari ita ce 'yar gida, kuma ita ce ta girme su duka. Ƙabilun Angul da Sakson da suka tsallaka teku daga arewacin Jamus da Denmak zuwa tsibirin Birtaniya a ƙarni na 5 da ita suka zo a bakinsu. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi har wajen shekara ta 1100, "græf" ake rubuta ta, kuma ta fito ne daga aikatau "grafan", wato haƙa. Ma'anarta a lokacin ta fi ta yau faɗi: kabari, rami, kwarin da aka haƙa, har kogo. In kika leƙa harsunan da suka haɗa kaka da Turanci za ki same ta tana nan da ranta. Bajamushe yana ce wa kabari "Grab", haƙa kuma "graben". A tsakiyar birnin Biyana na ƙasar Ostiriya akwai wani shahararren titi mai suna Graben, saboda a gurbin tsohon ramin ganuwa aka shimfiɗa shi. Mutanen Holan suna ce wa kabari "graf", hanyoyin ruwan nan da aka haƙa a cikin Amstadam kuma "gracht", duk daga aikatau ɗaya. Har a Rashanci, wanda danginsu ne na nesa, "grob" shi ne akwatin gawa.

To kin ga a asalinta wannan kalma ba ta ɗauke da mutuwa, ba ta ɗauke da baƙin ciki ko tsoro. Aikin diga da shebur ne kawai: wurin da aka haƙa. Daga baya ne ma'anar ta tsuke, ta tsaya a kan rami guda, wanda kowa zai shiga.

Turanci yana da wasu kalmomin na wannan fage, kuma mai fassara yana buƙatar bambance su. "Tomb" baƙuwa ce, ta shigo ta Faransanci bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, asalinta kuma Girkanci ne. Ta fi tafiya da kabarin da aka yi wa gini, na sarakuna da manyan mutane, abin da mu za mu kira hubbare, kamar Hubbaren Shehu a Sakkwato. "Grave" kuwa ramin ƙasa ne na kowa da kowa, kabari ko kushewa. "Cemetery" daga Girkanci take, ma'anarta wurin barci, kusan yadda muke cewa makwanci in muna yi wa mamaci addu'ar Allah ya haskaka makwancinsa. A da "graveyard" ta fi nufin ƙaramar maƙabarta da ke jikin coci, "cemetery" kuma babba ta bayan gari, amma a labarai duk maƙabarta za ki ce, ba ki yi kuskure ba.

Aikataun nan na haƙa bai mutu ba, ya dai sauya sana'a. Wanda ke zana rubutu a jikin dutse ko ƙarfe haƙa yake yi, sai dai ƙanƙani, da ɗan tsinken ƙarfe. Daga nan aka samu "engrave", wato zana rubutu ko hoto ta hanyar sassaƙa, da "graven image", gunkin da aka sassaƙa, lafazin da ya shahara saboda fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611. "Groove", wato ɗan kwarin da ke jikin katako ko faifai, ita ma 'yar wannan gida ce, ta Holan ta biyo. Akwai wani zaton da nake yawan gyara wa ɗalibai a nan: suna ganin "engrave" da "graph" na Girkanci, wanda ke cikin "photograph" da "geography", wato hoto da labarin ƙasa, sai su ce ai dangi ne tunda duk zane ne. Masana tarihin harshe sun raba su. Ta Girkancin 'yar'uwar "carve" ce, ba ta "grave" ba.

Saura yadda lafazin ya koma "gireb" da muke ji yau. Tsohuwar kalmar gajeren wasali gare ta. Amma a cikin jumla takan ɗauki ɗafin "e" a ƙarshe, kuma a Turancin tsakiyar zamani wasalin da ya faɗo a irin wannan gaɓa yakan yi tsawo. Sai kuma babban sauyin wasula da ya auku a Ingila tsakanin wajen 1400 da 1700, wanda ya mayar da dogon "a" ya koma "ei", kamar yadda ya yi wa "name" da "make". Ki riƙe wannan, don a nan ne baƙuwar da ke tafe ta iske ta.

Nauyi

Ta "grave concern" daga Latin take, harshen Rumawa. Kalmar ita ce "gravis", ma'anarta mai nauyi. Nauyi na zahiri da farko, na dutse da kaya, sannan nauyi na ma'ana: ciwo mai tsanani, laifi babba, mutum mai kwarjini. Rumawa suna da wata ɗabi'a da suke girmamawa ƙwarai a wurin dattijo da shugaba, suna kiran ta "gravitas", wato kamun kai da rashin wargi, kuma har gobe Turawa suna amfani da kalmar yadda take in suna yabon ɗan siyasa ko alƙali. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tafiya ba, don tamu kalmar ma haka ta yi. Muna jin nauyin surukai, muna ɗaukar nauyin iyali, muna cewa magana ta yi nauyi a baki. Babu sikelin da ke auna ko ɗaya daga cikinsu.

Wannan sifa ta shiga Turanci ne a ƙarni na 16, wajen shekarun 1540, ta hanyar Faransanci, a zamanin da malaman Ingila ke kwasar kalmomin Latin da Faransanci da yawan gaske. Ta iske ta kabari ta shekara sama da dubu a ƙasar. Da yake rubutunsu ya zo ɗaya, kuma sauyin wasulan nan yana kan gudana, sai lafazinsu ma ya zama ɗaya. Iyakar abin da ya haɗa su ke nan.

Danginta suna da yawa, kuma kin san su ko ba ki san dangi ba ne. "Gravity", ƙarfin da ke jan abu zuwa ƙasa, wanda Isaac Newton ya yi bayaninsa a 1687 cikin harshen Latin. "Aggravate", ƙara wa abu nauyi, wato tsananta shi. "Grief" da "grieve" da "grievance", baƙin ciki da ƙorafi, nauyin zuciya ke nan, kuma waɗannan sun riga ita "grave" ɗin shiga Turanci da kusan shekara 300, ta bakin Normandawa. In kin taɓa duba katin awon ciki a asibiti, za ki ga ma'aikaciyar jinya ta rubuta wani abu kamar G3 P2 a sama. Harafin G ɗin nan "gravida" ne, mace mai ciki, a Latin wadda ta yi nauyi. Abin da aka rubuta shi ne wannan ne ciki na uku, an haihu biyu. Ki dubi nisan da ke tsakanin wannan da kabari: kalmar da abokin aikinki ya jingina wa mutuwa ita ce ake rubuta wa mai shirin haihuwa.

In aka ƙara komawa baya, "gravis" tana da 'yan'uwa a wajen Latin. A Girkanci "barus" ce, mai nauyi, wadda ke cikin sunan baromita, na'urar auna nauyin iska. A Sanskirit, tsohon harshen Indiya, "guru" ce, mai nauyi, daga nan ta zama sunan malami mai daraja. Faransawa ma bayan juyin juya halinsu, da suka tashi tsara sabon ma'auni a 1793, "grave" suka fara sa wa nauyin ruwa lita ɗaya, kafin a sauya sunan zuwa kilogiram a 1795.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan maganar abokin aikinki tana bakin ƙawarki ta Maraɗi. Ki tambaye ta yadda ake cewa "ba komai" da Faransanci in wani ya taka ki ya ba da haƙuri. Za ta ce miki "ce n'est pas grave", wato abin bai yi tsanani ba. Ki sake tambayar ta kabari, za ta ce "tombe". A Faransanci, inda sifar ta fito, babu wata alaƙa ko ta lafazi tsakaninta da binne mamaci. A Jamusanci kuma akasin haka ne: "Grab" na nan, amma in za su ce lamari ya yi tsanani kalmomin da suka saba da su daban ne, "ernst" ko "schwer". A Turanci kuwa biyun sun yi karo. Ko a cikin Turancin, ana cewa alƙali ya yi magana da "grave voice", ko dattijo yana da "grave face", ba wanda ke mutuwa a wurin, nutsuwa da kwarjini ake nufi.

Duk da haka zan ba abokin aikinki haƙƙinsa. Kalmomi biyu in suka shekara ɗaruruwa da lafazi ɗaya, kunnen masu harshen yakan ƙulla musu zumuncin da babu shi. Shakespeare ya yi amfani da wannan a wasansa na Romeo da Juliet, wanda aka fara bugawa a 1597. Mercutio, saurayi mai yawan barkwanci, an soke shi da takobi, ya san ba zai tashi ba, sai ya ce wa abokansa in suka neme shi gobe za su same shi "a grave man". Ma'ana biyu a lafazi ɗaya: mutum mai nutsuwa wanda ya daina wasa, da mutumin kabari. Maganar tana taɓa zuciya ne saboda kalmomin biyu ne, mai sauraro yana jin su suna haɗuwa. Saboda haka ba zan musa cewa Baturen yau in ya ji "grave danger" wata inuwar mutuwa tana iya gilma masa ba. Wannan ji ne da ya zo daga baya, ba shi ne tushe ba, kuma ba a gina fassara a kansa.

Alamar da ke saman harafi

Wannan ba kalma ta uku ba ce, reshe ne na ta nauyi. Girkancin dā harshe ne mai hawa da saukar murya. Wajen shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, malaman ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar suka ƙirƙiro alamomin nuna wannan a rubuce, kuma an fi jingina aikin ga Aristofanis mutumin Bizantiyom. Muryar da ta hau suka kira ta mai kaifi, wadda ta sauka suka kira ta mai nauyi. Rumawa suka fassara sunayen zuwa "acutus" da "gravis". Ɗan karan da ya gangaro daga hagu zuwa dama shi ne mai nauyin.

Faransanci ya gaji alamar amma ya ba ta wani aiki. A kan "e" tana nuna buɗaɗɗen wasali, kamar a "père" da "mère", uba da uwa. A wasu wuraren raba kalmomi kawai take yi: "où" ina, "ou" ko. Abin da ɗan firamare ke koya ke nan a Maraɗi da Damagaram da Yamai. A bakin Turawan Ingila da yawa, in wannan alama suke nufi sukan ce "grav" irin na Faransa, ba "gireb" ba.

Mu kuma masu nazarin Hausa mun mayar da ita kan aikinta na farko. Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, amma a ƙamus da littattafan nahawu wannan alama ce ke nuna karin sauti na ƙasa. Ki furta "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala ki saurari kanki. A na jiki murya tana farawa sama ta sauka, sai a rubuta wuyà. A ta wahala tana farawa ƙasa ta hau, sai a rubuta wùya. Yarabawa a rubutunsu na kullum ma suna sa ta, don wannan aikin dai. Masu kiɗan Turawa kuma suna da tasu, ta Italiyanci, mai gaɓa biyu, "gra-ve": in aka rubuta ta a saman takardar kiɗa ana nufin a tafi a hankali ƙwarai, da nauyi.

Sarauta da tsakuwa

Sauran biyun ba za ki riƙa haɗuwa da su kullum ba. Ta uku sarauta ce. A Jamusanci "Graf", a harshen Holan "graaf", basarake ne mai riƙe da yanki, kamar hakimi. Ta shiga Turanci a wutsiyar wasu kalmomi: "margrave", mai riƙon yankin kan iyaka, da "landgrave". In kina fassara labarin tarihin Turai za ki gan su. Birnin Heg na Holan, inda Kotun Duniya ta yanke hukuncin Bakasi tsakanin Nijeriya da Kamaru a 2002, cikakken sunansa 's-Gravenhage, wato shingen basaraken. Babu kabari a ciki. Asalin ita "Graf" ɗin kanta masana sun yi saɓani a kansa, amma ba wanda ya mayar da ita ga maƙabarta.

Ta huɗu daga tsohon Faransanci take, "grave" ko "grève", bakin ruwa mai yashi da tsakuwa. Ita ta haifi "gravel", tsakuwar da ake zuba wa hanya. Yankin Graves da ke kudu da birnin Bordo, inda ake noman inabi, daga ƙasarsa mai tsakuwa ya sami sunan. Masana da yawa suna ganin daga nan ne matuƙa jirgin ruwa suka sami aikatau "grave", kankare gindin jirgi a shafa masa kwalta, tunda a bakin gaɓa ake janyo shi a yi aikin, kuma shi ya sa ake kiran busasshen wurin gyaran jirgi "graving dock". Wannan kalma tana da wani labarin da mutanen Nijar za su ji daɗinsa. A Paris akwai wani fili a bakin kogin Sen da ake kira Place de Grève saboda tsakuwarsa, nan ne dandalin da ke gaban ginin hukumar birnin a yau. A nan leburorin da ba su da aiki ke taruwa suna jiran mai ɗauka. Daga sunan filin ne "grève" ta zama yajin aiki a Faransanci.

Sunayen wurare da na mutane su ne suka fi yaudara. Akwai garin Gravesend a bakin kogin Tems, gabas da Landan. Ana ba da labarin wai nan ne kaburburan waɗanda annobar 1665 ta kashe suka ƙare. Amma garin yana cikin littafin ƙidayar ƙasa da Sarki William ya sa aka yi a 1086, kusan shekara 600 kafin annobar, kuma yawancin masana sunayen wurare suna mayar da shi ga tsohuwar kalmar kurmi. Haka cutar da ake kira "Graves' disease". Sunan likita ne, Robert Graves na Dablin, wanda ya yi bayaninta a 1835. Cuta ce ta ƙullin maƙogwaro da ke aiki fiye da ƙima, takan zo da maƙoƙo da fitowar idanu da bugun zuciya, kuma ana maganinta. A ƙasashen da ke amfani da Faransanci sunan wani likitan Jamus, Basedow, take ɗauke da shi. In ta zo miki a shirin lafiya, kada kalmar kabari ta kusanci bakinki, don akwai mai cutar da ke sauraro.

A teburin fassara

Abin da nake koya wa masu fara aiki shi ne su dubi mazaunin kalmar kafin ma'anarta. In ta tsaya da ƙafarta a matsayin suna, da "a" ko "the" ko "his" a gabanta ba wani suna a bayanta, ko ta ɗauki "s" na jam'i, kabari ne. In ta zo gaban wani suna tana siffanta shi, ko ta zama "gravely" ko "gravest", nauyi ne. Gwaji na biyu: cire ta ki sa "serious". In jumlar ta zauna, ta Latin ce. Inda za ki yi hattara shi ne haɗaɗɗun kalmomi irin "gravestone" da "gravedigger" da "grave site", dutsen kan kabari da mai haƙa kabari da wurin kabari, don a nan suna ne ya zo gaban suna.

Bayan kin gane ta nauyi ce, kada ki manne wa kalmar Hausa guda. "Grave concern" matuƙar damuwa ce. "Grave danger" babban haɗari. "Grave mistake" babban kuskure ko mummunan kuskure. "Grave allegations" zarge-zarge masu nauyi, a nan Hausa da Latin sun yi daidai. "In grave condition" yana cikin mawuyacin hali, ko jikin ya yi tsanani ƙwarai. Rai kwakwai mutu kwakwai Hausa ce mai kyau, amma ni ba na son ta a labarin mara lafiyar da iyalinsa ke iya jin rediyo. "Mass grave" kuwa ta kabari ce, kuma na fi son a faɗe ta a fili, ramin da aka binne mutane da yawa a ciki.

Karin maganarsu shi ne inda fassarar kalma da kalma ta fi yin ɓarna. "From cradle to grave" muna da tamu a shirye, daga zanin goyo zuwa kabari. "Dig his own grave" ya jawo wa kansa, ko ya daɓa wa cikinsa wuƙa. Amma "he would turn in his grave" ki yi nesa da lafazinta. Bature yana nufin da mamacin zai ga abin da ake yi da bai ji daɗi ba. In kika ce yana juyi a kabarinsa, Musulmin da ke sauraro azabar kabari zai ji, kin ga kin ɗora wa bawan Allah abin da ba a faɗa ba. Ki ce da yana raye da ransa ya ɓaci. "Graveyard shift" aikin dare ne kawai, daga tsakar dare zuwa safiya, lafazin ma'aikatan Amurka na wajen ƙarshen ƙarni na 19. Labarin da ke yawo a intanet wai daga masu gadin maƙabarta ne da ke sauraron ƙararrawar wanda aka binne da rai, ba shi da madogara.

A harshen shari'a ne zan ce ki tsaya ki tambaya, don a nan sanin asalin kalma ba ya wadatarwa, kuma ni malamin harshe ne, ba lauya ba. Yarjejeniyoyin Janiba huɗu na 1949 suna da wani rukuni da suka kira "grave breaches", wanda ya ƙunshi kisan ganganci da azabtarwa da garkuwa da fararen hula a lokacin yaƙi. Ba kowane keta doka ne ke shiga ciki ba, jeri ne ƙididdigagge, don haka manyan laifukan keta yarjejeniyar ya fi dacewa da a ce munanan abubuwa kawai. A kundin Final Kod, wato dokokin hukunta laifuka na Arewacin Nijeriya, wanda ya fara aiki a 1960, sashe na 222 ya ambaci "grave and sudden provocation", tsokana mai tsanani kuma ta ba-zata, wadda in kotu ta gamsu da ita takan sauke kisa daga wanda hukuncinsa kisa ne zuwa wanda bai kai haka ba. Mene ne ya kai a kira shi mai tsanani a idon doka, wannan alƙalai ne suka fayyace shi a shari'o'i, ba ƙamus ba. In irin wannan ya zo miki daga kotu, ki kira lauyan da ke cikin shari'ar ko wakilinku da ya halarci zaman, ya gaya miki abin da alƙali ya nufa, sannan ki zaɓi Hausar da za ki karanta.